Yadda Na Aurar da Wa da Ƙanwarsa a Falon Hajja

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na aurar da wa da ƙanwarsa ba, a falon surukata, a gaban matan unguwa, kuma da bakina. Shekaru sun shuɗe, na haihu na yaye, amma ko yanzu in abin ya faɗo min a rai ina tsakar wanke-wanke, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A Khartum aka haife ni. Iyayena Hausawa ne, sai dai Hausar gidanmu ta faɗa ce da ta aike: zo nan, rufe ƙofa, wa ya fasa wannan. Sauran rayuwa duk da Larabci muke yin ta. Sai Allah ya haɗa ni da Bashir, mai gyaran wayar mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, aka ɗaura aure, aka tsallaka da ni kogi zuwa Umdurman, gidan mahaifiyarsa a Umbadda. Hajja kowa yake ce mata. A Jazira ta tashi, cikin gonakin auduga, kuma tana da doka guda wadda ba ta da sassauci: Larabci na salla ne da kasuwa, a cikin gidanta Hausa ake yi.

A satina na farko wasu mata suka yi sallama, na ruga in sanar da ita. Maimakon in ja kalmar yadda ake jan ta in ana nufin mutanen da suka zo, sai na datse ta, na ce, "Hajja, kin yi baƙi." Ta ɗaga hannunta ta duba gabansa, ta juya ta duba bayansa, sannan ta ce, "Haka Allah ya yi ni, amarya." Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da abin ya zo min da sauƙi.

Daga ranar na ja bakina na tsuke. In gaishe ta da safe, in kai mata shayi, in share tsakar gida, in koma ɗaki. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa hana ni komai ba, amma tsakaninmu babu abin da ya wuce "sannu" da "yawwa". Bashir kuwa da ya idar da sallar asuba yake fita, don sai ya hau mota biyu kafin ya kai wurin aiki, kuma ba ya dawowa sai ya ji jiki. Wuni guda daga ni sai Hajja sai ƙarar fanka. Ina so matar nan ta so ni, wannan ita ce gaskiyar magana. Nakan ga yadda take kwashewa da dariya in maƙwabta sun shigo, ni kuwa ina ɗaki ina jiyo su.

Ƙawata Ihlas ce ta tausaya min. Ta zo ganin ɗaki, ta ga yadda na rame, ta zaro filash daga jakarta ta ce in riƙa kashe kaɗaici da shi. Wasan kwaikwayo ne na Koriya mai dogon zango, da fassarar Larabci a rubuce a ƙasan hoto. Ta ce ba duka ba ne, ragowar sai a wani shagon waya a Kasuwar Libiya, wanda yake zuba wa mutane kashi-kashi yadda suke fitowa.

Labarin, na gaskiyar nake nufi, na wani saurayi ne gwanin girki a babban gidan abinci, mai tsananin girman kai, wanda ba ya gaida kowa kuma ba ya cewa an gode. Sai kuma wata yarinya da ubanta yake da ɗan shagon miya a lungu, da ƙawarta ta tun yarinta wadda suke kwana ɗaki ɗaya a saman bene. Saurayin ya fara da raina yarinyar, ya koma cin miyar ubanta a ɓoye, daga nan kun san sauran. Soyayya ce tsagwaronta.

Bayan la'asar nake kallo, lokacin da Hajja take zagayen gaishe-gaishe. Ran nan na nutse, ban ji shigowarta ba, sai murya na ji a bayana.

"Wannan kuma me ya same shi, ƙato da shi yana kuka a mota?"

Na zabura zan kashe, ta ce in bari. Ta zauna a bakin angarib, gadon igiyar da ke falon, ko tob ɗinta, mayafin da ta naɗa, ba ta warware ba. Hajja tana jin Larabcin kasuwa sarai, amma ba ta karatu, balle wannan rubutu da yake gudu kamar an biyo shi. Ta ce, "Me suke cewa? Faɗa min. Da Hausa."

Na fara lalube. Ina tuntuɓe, tana ɗaga ni. Can sai yarinyar ta fito da gudu tana kira, "Oppa, oppa."

"Opa sunansa ke nan?"

"A'a, Hajja. Yaya ke nan da yarensu."

Allah ya sani har nan ban yi ƙarya ba. Haka kalmar take, kuma haka mai fassara ya rubuta, ɗan'uwana. Abin da ban faɗa ba shi ne, 'yan matansu da wannan kalmar suke kiran saurayi ma. Hajja ta gyaɗa kai ta ce, "Au, wanta ne."

To ku gaya min. Amarya ce ni, ko lallen hannuna bai gama gogewa ba. Matar da ba na iya haɗa ido da ita, wadda ko sunan ɗanta ba na iya kamawa a gabanta, ita zan kalla in ce, "A'a Hajja, saurayinta ne, son ta yake"? Na sunkuyar da kai na ce, "I, wanta ne." (Kalma uku ke nan. Da na san abin da za su haifa, da na ce wuta na bari a murhu na gudu.)

Washegari ina idar da la'asar na ji ana soya gahawa. Na leƙo, sai ga Hajja ta jera finjali biyu, jabana, 'yar butar gahawa, tana kan gawayi, ta kuma ture min wuri a kan angarib ɗin. Ta ce, "Kunna mana mutanen nan." Tunda na zo gidan, ranar ce ta farko da aka jera finjali da ni a lissafi.

Sunayensu sun ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa musu nata. Saurayin ya zama Dogo, yarinyar ta zama 'Yar Miya, ƙawar kuma Mai Tabarau. Dogo bai kwanta mata ba ko kaɗan. "Yaron nan ba shi da tarbiyya. Dubi yadda ya wuce dattijo ko rusunawa babu." Amma mutanen sun burge ta. Ta lura suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, suna karɓar abu da hannu biyu, yaro ba ya fara cin abinci kafin babba. Ta ce, "Waɗannan ai da an bincika, akwai Bahaushe a kakanninsu."

Duk abin da ya shafi girki da faɗa da ƙawance, tsakani da Allah nake fassarawa. Ranar da 'Yar Miya da Mai Tabarau suka ɓata, suka kwana biyu ba sa magana, sannan Mai Tabarau ta dafa taliya ta ajiye mata a ƙofa ba tare da ta ce uffan ba, sai Hajja ta ba ni labarin wata ƙawarta Ta-Sallah da suka yi tsinkar auduga tare, wadda aure ya kai ta Gadarif ba su sake haɗuwa ba. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana da ni irin ta ranar ba. Soyayyar ce kawai nake tsamewa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Sai dai tsakuwar ta yi yawa. Dogo ya riƙo hannun 'Yar Miya a titi, na ce ya ce ta wuce gida, yamma ta yi. Ya ba ta rigarsa ta sanyi, wannan bai ba ni wahala ba, aikin wa ne. Ya tsaya a ƙofar shagonsu idanu jajur yana cewa ya kasa barci saboda tunaninta, na ce, "Hajja, ya ce sauro ne ya hana shi barci." Hajja ta ce, "Ashe su ma suna da shi." Da uwarsa ta bayyana, wata mai jan baki da ta tsani yarinyar har ta watsa mata ruwa a fuska, sai da na yi gumi. Uwa ɗaya uba ɗaya, ta yaya uwa za ta yi wa 'yarta haka? Nan take na ƙera sabon tarihi: matar goggonsa ce da ta ɗauke shi tun yana goye ta rene shi a birni, aka bar ƙanwar a lungu, yanzu kuma ba ta so su san juna. Hajja ta ce, "Raba zumunci. Allah ya kiyashe mu." (Na ce amin, da ƙarfi ma.)

In kuma fuskokinsu suka fara matsowa kusa, rimot yana hannuna. Sai in danna in ce, "Hajja, wurin nan ya lalace." Ta ce, "Kullum in hira ta yi daɗi sai ya lalace."

A haka Hausata ta fara tsayawa da ƙafarta. In na rasa kalma sai ta miƙo min. Akwai wurin da Dogo ya zauna shi kaɗai yana kallon kujerar da 'Yar Miya take zama, na ce yana neman ta. Hajja ta ce, "Ba nema ba ne. Ya san inda take. Kewa ake cewa, kewarta yake yi." Ban san kalmar ba sai ranar. Ta koya min nadama, ta koya min kara, ta koya min bambancin fushi da ɓacin rai. Ta fara tsokanata, ni ma na fara mayarwa. Wata rana na ƙone albasa, ta ce ko Dogo a farkon zamaninsa bai kai ni ɓarna ba, muka yi ta dariya har Bashir ya shigo ya tsaya yana kallonmu kamar ya ɓata gida.

Shi kansa Dogo ya fara gyaruwa. Ya fara gaida masu wanke kwano. Ya je shagon uban 'Yar Miya ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, ya roƙi a koya masa miyar. Hajja ta share ido da gefen tob ta ce, "Ƙanwar nan ta yi masa rana. Ita ta mai da shi mutum."

Na kai wa Bashir kukana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in faɗa mata gaskiya kawai.

"Kai ka faɗa mata mana, ai mahaifiyarka ce."

"Ni? In zauna gaban Inna in ce mata me?" Nan dariyar ta tsaya, ya ce barci yake ji.

Ihlas kuwa cewa ta yi, "Ya bitti, ke yarinya, irin waɗannan fina-finan da aure suke ƙarewa. Ki shirya." Na ce na shirya. Dabarata ita ce in karɓo kashin ƙarshe, in kalla ni kaɗai, in san wuraren da za su lalace. In ma abin ya gagara, in ce mai shagon ya ce ba a yi ƙarshen ba.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne bakin Hajja. Ashe duk gidan da ta shiga gaisuwa sai ta ba da labarin wa da ƙanwar da goggo ta raba. Matan layinmu suka fara tambayar lafiyar Dogo kamar ɗan unguwa. Kan gaba a cikinsu ita ce Hajja Rabi, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, mace mai kirki da babbar murya, wadda labari ba ya kwana a cikinta.

Ran wata Alhamis Hajja ta ce za ta Kasuwar Libiya sayen turaren wuta. Ta ce, "Ba ni ɗan ƙarfen nan, in biya ta shagon in karɓo mana ƙarshen. Na ji kina kwatanta wa Bashir wurin." Na ce ai da ta bari na je da kaina, rana ta yi zafi. Ta ce ranar Umdurman ba yau ta fara ganinta ba. Ta dawo da filash ɗin ƙulle a bakin tob ɗinta, kuma bai bar jikinta ba har la'asar.

Da la'asar falon ya cika. Hajja Rabi ta zo da gugguru, wasu mata uku suka zo da dabino, turare yana tashi, jabana tana kan wuta. Hajja ta kwance filash ta ba ni, na jona. Zan zauna ke nan Hajja ta miƙo tafi.

"Kawo abin dannawar nan in riƙe. Yau ba na son wani wuri ya lalace."

Ta saka rimot ƙarƙashin cinyarta.

Wutar Umbadda, jama'a. Wutar da take ɗaukewa ana tsakar guga, ana tsakar niƙa, wadda ba ta taɓa cika wa kowa alkawari ba. Babu addu'ar da ban yi ba a kan ta tafi. Ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Rabin farko ya tafi lafiya. Goggo ta yi nadama, Mai Tabarau ta samu aikin da take nema, matan suna ta sa albarka. Har na fara cewa ko Allah ya dube ni. Sai ga Dogo da 'Yar Miya a saman bene, ƙanƙara tana zuba musu kamar audugar da aka sheƙe. Ya dube ta, ya dube ta, sai ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa ya fito da zobe.

Hajja Rabi ta ce, "Amarya, me ya ce?"

"Ya ce... zoben mahaifiyarsu ne. Gado. Rabonta ne yake ba ta."

"Allah sarki. Yaron kirki, bai cinye ba."

Ya saka mata zoben. Ya miƙe. Ya sa hannu biyu ya tallafo fuskarta. Na kalli cinyar Hajja inda rimot yake, Hajja tana kallon talabijin hankali kwance, tana tauna dabino.

Ba zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Abin da zan ce kawai, wanda ya ɗauki hoton nan ba ya gaggawa. Ya zagaya su ta dama, ya zagaya ta hagu, ya hau sama ya leƙo, kiɗa yana tashi. Falon ya yi tsit, har ina jin tafasar gahawa. Wata a cikin matan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bar ido ɗaya.

Hajja Rabi ta ajiye finjalinta a hankali. "Inna lillahi. Wa da ƙanwa?"

Duk suka juyo kaina. A nan ne ya kamata mai hankali ta yi shiru. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "A al'adarsu... haka ake ban kwana."

Ban rufe baki ba hoton ya canja. Ga 'Yar Miya cikin farar rigar amare, ga Dogo a gefenta, ga uban yana kuka, ga Mai Tabarau tana watsa furanni. Hatta goggon da na ƙera da hannuna tana layin gaba tana tafi.

"Wannan ma ban kwanan ne?" in ji Hajja Rabi.

Na so ƙasa ta tsage. Na riga na ga yadda labarin zai zaga Umbadda kafin magariba: ko dai surukar Hajja tana shigo da fim ɗin da wa yake auren ƙanwarsa, ko kuma ta yi makonni tana zuba wa tsohuwa ƙarya tana shan gahawarta. Ban san wanne ya fi muni ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne wurin nan nawa a kan angarib, na san na rasa shi.

Hajja ta ɗauki jabana, ta ƙara wa kowa, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Sannan ta ce, "Rabi, Malam Idi naki ba ɗan wan babanki ba ne?"

"Shi ne."

"Kafin a ɗaura, me kike ce masa?"

Hajja Rabi ta ce, "Yaya."

"To. Yarinya ta ce min Yaya, ni ce da tsufana na ƙara da uwa ɗaya uba ɗaya na kai muku. Laifin kunnena ne. Ku sha gahawa kafin ta huce."

Sai dariya ta ɓarke. Aka koma tsokanar Hajja Rabi, wata tana tuna mata yadda take ɓuya bayan rumbu in Yaya Idi ya zo, ita kuma tana rantsuwa ba a yi haka ba. Ban kwanan da na faɗa ma aka mai da shi abin wasa, suna fita suna ce wa juna, "A yi ban kwana irin na gida dai." Ni dai ina zaune kamar an dasa ni.

Da suka watse na kwashi finjalai na kai bakin famfo, na yi ta wanke su har sun gaji da wankuwa. Sai na ji ta kira ni. Na zo na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Hajja, ki yafe min. Ƙarya na yi miki. Ba kunnenki ba ne."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya ba ta rigar sanyi. Na haifi maza na haifi mata, amarya. Wa in zai ba ƙanwarsa riga jefa mata yake yi, ya ce kar ta ɓata masa. Ba ya tsayawa yana gyara mata wuya."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce me? Da na ce, da kin koma ɗaki kin rufe bakin nan naki, mu koma sannu da yawwa. Kuma ina so in ga inda za ki kai su. Goggon nan da kika ƙago ta fi uwar daɗin labari." Ta ɗan murmusa. "Yau ɗin ma na ɗauka hannu kawai za su riƙe a tashi. Ban san mutanen ba su da ta ido har haka ba, da ban tara miki jama'a ba."

Ta dafa wurin da nake zama, na taso na zauna. Ta ɗauko rimot tana juya shi a hannunta.

"Uban mijinki, Allah ya jiƙansa, ɗan ƙanin babana ne. Yaya nake ce masa har ya koma ga Allah. A Jazira in muna tsinka, hannuna ba shi da sauri, kullum buhuna ne a baya. Sai ya bi ta bayana kamar mai wucewa, ya juye nasa a nawa, ya tafi ko waiwaye babu. Shi ke nan zancen da ya taɓa yi min. Mu a lokacinmu ba a faɗa da baki." Ta miƙo min rimot. "Mayar da shi wurin zoben nan. Ina so in ji abin da yaron ya ce, yadda ya faɗa. Kar ki tsince komai."

Na mayar. Dogo ya sake sa gwiwa a ƙasa. Na karanta rubutun, sannan na faɗa a hankali, idona a kan tabarma.

"Ya ce, da can ban iya zama da mutane ba. Ban iya gaisuwa ba, ban iya godiya ba. A wurinki na koya. Ya ce, in na tashi da safe, lokacin da zan zauna kusa da ke nake jira." Nan na lura maganar ta daina zama ta Dogo. "Ya ce, ina son ki."

Hajja ta ce, "Ban ji na ƙarshen ba. Fankar nan ta cika ƙara."

Ta ji sarai. Matar da take jin motsin kyanwa a bayan katanga ce. Na ɗago kai, karo na farko tunda aka kawo ni gidan na dube ta ido cikin ido, na sake faɗa. Ban ce "ya ce" ba.

Ta sa hannu ta gyara min ɗankwalina da ya zame, ta daɗe tana gyaran abin da bai kai a daɗe ba. Sannan ta ce, "To, na ji. Ita ma haka. Tashi ki ɗora mana tuwon asida, 'yata, kafin mijinki ya dawo ya same mu muna kuka a kan mutanen da ba su san da mu ba."

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne. Kada ka dogara da wutar Umbadda, ko a zuwa ko a tafiya. Kuma in za ka yi wa tsohuwa fassara, ka tuna kai rubutun ƙasa kake bi, ita kuwa fuskokin take kallo, kuma ta riga ka fara wannan karatun.

Bayan sati guda Ihlas ta aiko da wani sabo. Muka zauna, Hajja ta zuba gahawa, ba a yi nisa ba wata yarinya ta leƙo ta taga tana kiran oppa. Hajja ta sa hannu ta tsayar da hoton da kanta, ta juyo ta dube ni.

"Wannan wane irin Yaya ne? Faɗa min tun yanzu, kafin in gayyato Rabi."